Ku daina ɗora wa sabis ɗin ƙauye laifin da yake naku

Yau ba gyaran waya zan koyar ba, faɗa zan yi, kuma da 'yan'uwana masu koyon rubuta manhaja nake.

Shagona a Kura yake. Kwanakin baya wani dattijo manomin shinkafa daga wajen Bunkure ya miƙo min wayarsa, ya ce, "Ɗana, yi mata filashin, ta lalace." Na duba ta ciki da waje, lafiyarta ƙalau. Ashe fom ɗin rajistar taki ya cike a intanet, ya danna aikawa, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa. Ya sake dannawa, ya kuma. Daga baya aka ga sunansa sau uku, aka ce ha'inci ne, aka cire shi. Na ce, "Baba, wayarka ba ta da laifi, kai ma ba ka da shi."

Da na ba wani abokina mai irin wannan aiki a birnin Kano labari, sai ya yi dariya ya ce, "Ai sabis ɗin ƙauyenku ne." Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ba ina cewa na fi kowa ba ne, ni ma na yi kuskuren. Da daddare in na rufe shago nake koyon JavaScript. Na haɗa wani ɗan shafi da zai riƙa nuna farashin kwandon tumatir a Kwanar Gafan, amma kullum sai ya rubuto min undefined. Kwana uku ina zagin sabis, ashe ni ne ban iya jira ba.

Duk wanda ya yi noman rani ya san abin nan. Ruwanmu daga madatsar Tiga yake tasowa. Idan an buɗe ƙofar kanal, ba a take yake isa gonarka ba, sai ya yi tafiya. Haka fetch take. In ka tura ta ɗauko bayani daga saba, ba bayanin take dawo maka da shi nan take ba, Promise take ba ka, wato alkawari. Shi kuma JavaScript ba ya tsayawa, layi na gaba yake wucewa. Ni sai na yi dashe kafin ruwa ya iso. Sauri ya haifi nawa kenan. Maganinsa, ka sa async a farkon aikin, ka sa await kafin fetch, ka kuma sa wata kafin response.json(). Tun 2017 wannan yake cikin yaren.

To amma await kaɗai ba ta isa ba, kuma nan ne masu "koyi kod a kwana bakwai" suke cutarmu, don ranar da komai ya tafi daidai kawai suke nunawa. Ga abin da suke tsallakewa:

1. Ka kewaye buƙatar da try da catch. In sabis ya ɗauke, a rubuta wa mutum da Hausa cewa saƙonsa bai tafi ba.

2. Ka duba response.ok. Ita fetch, ko saba ta dawo da 404 ko 500, ba ta ɗauka an faɗi ba, tunda dai an amsa mata.

3. Ka yanke mata lokaci da AbortController. In an yi kamar daƙiƙa 15 shiru, a tsayar, a gaya wa mutum. Zobe ya yi ta juyawa har caji ya ƙare, wannan wulaƙanci ne.

4. Da an danna aikawa, ka kashe madannin har amsa ta zo. A can saba ma ka sa ta gane saƙon da ya shigo sau biyu. Wannan kaɗai da ya ceci Baba.

5. Ka gwada aikinka a sabis mai rauni. A Chrome na kwamfuta danna F12, shiga Network, ka rage gudun zuwa 3G. In ba haka ba, ka hau mota ka zo Kadawa, ka tsaya tsakiyar gonaki ka gwada.

Na yarda, sabis ɗinmu ba kamar na cikin birni ba ne. Amma ai ka san da haka tun kafin ka fara. In don manomi ka yi abu, ka kuma gwada shi a Wi-Fi ɗin ofis kaɗai, to ba don shi ka yi ba. Kai layi biyar ka ƙi rubutawa, shi kuwa takin shekara ya rasa, ya kuma zo zai biya kuɗin gyaran wayar da ba abin da ya same ta.

Ban karɓi ko sisin Baba ba. Amma ba kowane shago zai mayar masa da kuɗinsa ba. Ku gyara aikinku, don Allah.