ZUMUNTA A ƘAFA TA KE, AMMA A TAFI DA TAKARDA

Duk sa'ad da hutun makarantu ya gabato, takardu su kan yi ta zuwa ofishin ilmi daga shugabannin makarantu, kowa yana neman izinin kai yaransa su ga duniya. Wannan ya ce Kano, wancan ya ce Zariya. Jefi-jefi kuma a kan sami wanda zai ce shi Maraɗi ya ke so. Muna yaba wa mai wannan niyya, gama Maraɗi ta fi Kano kusa da birnin Katsina. Tsakaninsu kimanin kilomita 90 ne, ta Jibiya da Ɗan Isa, tafiyar da mota za ta yi tsakanin hantsi da azahar. Amma kusancin nan shi ne ya kan ruɗi mutane, har su manta cewa wata ƙasa za su shiga.

Mun san wani malami, mutumin kirki mai son aikinsa, wanda ya cika mota da 'yan makarantar horon malamai ya nufi arewa, ba shi da kome a aljihu sai takardar shugaban makaranta mai hatimi. Da aka tambaye shi takardun yara a bakin iyaka, sai ya ce ai gida za su, kakarsa ma Bamaraɗiya ce. Ma'aikata suka saurare shi da ladabi, suka ce sun ji, amma kaka ba ta cikin littafinsu. Yara suka wuni a gindin itace, suka cinye guzurinsu, la'asar aka juyo da su. Kuɗin da iyaye suka tara ya tafi a banza, malam kuma ya sha kunya gaban almajiransa. Ba a zalunce shi ba. Shi ne bai yi shiri ba.

To, maganar da malamin nan ya faɗa gaskiya ce, sai dai ba a wurin faɗinta ya faɗe ta ba. Cikin 1807 jama'ar jihadi suka ci birnin Katsina, sarauta ta koma hannun Malam Ummarun Dallaje. Gidan sarautar da aka tarar ya yi arewa, bayan 'yan shekaru Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Shi ya sa har yau sarkin garin a ke kiransa Sarkin Katsinan Maraɗi, kuma a fadarsa akwai Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, daidai yadda su ke a nan. Mafi yawan ƙarni na 19 garuruwan biyu sun yi shi suna kai wa juna hari, amma duk da haka aure da fatauci da almajiranci ba su yanke ba. Ko ruwa bai san da iyaka ba: gulbin da ya ratsa Maraɗi daga ƙasar Katsina ya taso, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, sa'an nan ya sake komowa Nijeriya ya faɗa gulbin Rima.

Iyakar kuwa Turawa suka shata ta a kan takarda, can a ƙasarsu. Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya cikin 1898, suka gyara ta cikin 1904 da 1906, domin Faransawa sun kawo kukan cewa ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Daga 1906 zuwa 1908 aka bi daji ana kafa alamu, Maraɗi ta faɗa rabon Faransa, Katsina ta faɗa rabon Ingila. Ba a shawarci manomin da layin ya raba gonarsa biyu ba. Wannan duka mun sani. Amma cikin 1960 ƙasashen biyu suka sami mulkin kai, Nijar ran 3 ga Agusta, Nijeriya ran 1 ga Oktoba, kowacce ta karɓi iyakar yadda ta same ta. Tun daga ranar iyakar ta daina zama ta Turawa, ta zama ta gwamnatocinmu. Wanda ya raina ta yau, dokar ƙasarsa ya raina da ta maƙwabcinsa.

Abin da ya ƙara sa mutane sakaci shi ne sauƙin da aka daɗe ana sha. An kafa ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, cikin 1975, cikin 1979 kuma aka yarda ɗan wata ƙasa ya shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Mutane da yawa suka fassara wannan da cewa ba a bukatar kome. Ba haka ba ne ko a lokacin: biza aka ɗauke, ba a ɗauke takardar shaida ba. Balle yanzu da al'amura suka juya. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ran 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufe iyakar Nijar, sai cikin Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata gefen. Ran 29 ga Janairu, 2025, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS. Wanda ya je Maraɗi shekara goma da ta wuce, ya ce zai shirya tafiyar bana da abin da ya sani a wancan zuwa, to, yana awo ne da tsohon mudu.

Saboda haka farkon shiri tambaya ce, matambayi kuwa ba ya ɓata. Tun saura mako biyu ko uku mai tafiya ya taka ya je ofishin shige da fice, ya ji da kunnensa abin da a ke karɓa a ƙofar Nijar a wannan watan. Kada ya dogara da labarin tasha. Fasfo mai sauran kwana shi ne ya fi kowace takarda ƙarfi. Takardar shaidar asalin gari da a ke bayarwa a ƙaramar hukuma tana da amfaninta wajen neman makaranta ko aiki, amma ba takardar ƙetare iyaka ba ce, akawun da ya rubuta ta kuwa shi ya fi cancanta ya gaya wa mai karɓa haka. Sai katin allurar rigakafin shawara, ruwan ɗorawa, wanda Nijar ta ke nema ga mai shigowa. Allurar ba ta fara aiki a idon doka sai bayan kwana 10, don haka ba abin da za a bari sai jajibiri ba ne. Mai tafiya da yaran mutane kuma ya riƙe jerin sunayensu, da yardar kowane uba a rubuce, da izinin hukumar ilmi. Ɗan wani amana ne, ba a ƙetara iyaka da amana a kan fatar baki.

Mota ita ma baƙuwa ce, tana da nata takardu. A tafi da na mallaka, da lasin direba, in kuwa motar ta makaranta ce ko ta aro, da wasiƙar mai ita. A bakin iyaka ma'aikatan kwastan na Nijar, waɗanda a can a ke kira duwan, su kan ba da takardar shigar mota ta 'yan kwanaki. A adana ta, gama za a neme ta a hanya, a neme ta ranar fita. Inshorar da aka yanka don hanyoyin Nijeriya kaɗai ba ta bin mota zuwa wata ƙasa. Tun 1982 aka yi tsarin kati na musamman domin wannan, sai a je kamfanin inshora a nemi irin wanda Nijar ta ke karɓa. Tuƙi kam ba wuya: tun 1972 Nijeriya ta koma hannun dama, daidai da Nijar, agogon ƙasashen biyu kuma ɗaya ne.

Wajen kuɗi a ke yi wa baƙo dariya. Kuɗin Nijar sefa ne, yana ɗaure da yuro na Turai, Naira kuwa tana hawa tana sauka, don haka canjin jiya ba shi ne na yau ba. Sa'an nan lissafin kasuwa da dala a ke yinsa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai tebur ya ce dala 20, sefa 100 ya ke nufi. In ya ce jika, sefa 1,000 ke nan, ba Naira 200 da mu ke kira jaka ba. Malamin lissafi da ya koya wa yaransa wannan kafin a tashi ya ba su darasin da ba za su manta ba. Haka kuma za su ji ana ce wa makaranta lakwal, malaminta mushe, littafin rubutu kaye. Hausa ce, ta sha Faransanci yadda tamu ta sha Ingilishi, kada wani yaro ya yi wa mai masauki gatsine a kanta. Cikin 2025 ma hukumar Nijar ta ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa.

Sauran magana guda, ita ce ta fi nauyi. Shekarun nan ƙasar Jibiya ta sha wahalar 'yan bindiga, ba kuwa za mu ɓoye wannan don a ji daɗin karatu ba. A tambayi hukumar tsaro labarin hanya ranar tashi. In an ce a dakata, a dakata, Maraɗi ba za ta gudu ba. A tashi da safe, a isa da rana, kada a yarda magariba ta riski yara a hanya. Kada kuma a saurari mai babur da zai ce ya san wata ɓarauniyar hanya wadda ba a tambayar takarda. Wanda ya shiga ƙasa ta bayan gida ba sunansa a littafin kowa. In mota ta faɗi, ko ciwo ya kama shi, ko aka tsare shi, ba hukumar da ta san ya shiga balle ta neme shi.

Wani zai ce, duk wannan wahala don tafiyar wuni guda? Ai mutanen ƙauyukan bakin iyaka kullum suna ƙetarawa cin kasuwa, ba mai ce musu kanzil. Gaskiya ne, amma su an san fuskarsu, an san ubanninsu, kuma ba su ɗauko 'ya'yan mutane 30 a mota ba. Malami da akawu kuwa su a ke kallo. In mai ilmi ya miƙa kuɗi a maimakon takarda, ya koya wa yaran da ke bayansa cewa haka a ke yi. Mun sani ana kuka da yawan shingaye a hanyar iyaka, muna kuma roƙon hukumomin ƙasashen biyu su rage su, su kafa allo a kowace ƙofa, da Hausa, mai nuna takardun da a ke nema da kuɗin da doka ta yanka. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga. Mai cikakkiyar takarda shi ke da bakin neman rasit.

Kada wannan ya kashe wa kowa gwiwa. Yaron da ya tsaya a ƙofar fadar Maraɗi ya ji ana kiran Durɓi da Ƙaura, ya gangara ya ga kwarin da tsohon gari ya ke kafin ambaliyar 1945 ta sa a hau tudu, ya leƙa Tsibirin Gobir da tafkin Madarumfa, ya karanta rabin tarihin Katsina da ba ya cikin ganuwarta. Gani ya kori ji. Cikin 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, watau zirga-zirgar nan ƙaruwa za ta yi. Yaran da mu ke koyarwa yau su ne za su riƙe ta. Mu nuna musu tun yanzu yadda a ke shiga gidan ɗan'uwa: ta ƙofa, da sallama, da rana tsaka.

Allah ya kiyaye hanya, ya zaunar da ƙasashen biyu lafiya, amin.