Jirgin Bature Yana da Mai Gadi, Kwale-kwalen Masunci Fa?

Jama'a, jirgin ruwa na farko da 'yan Huthi na Yaman suka nutsar a Bahar Maliya, taki ne a cikinsa. Sunansa Rubymar. Sun harbe shi da makami mai linzami ranar 18 ga Fabrairun 2024, ya yi ta tangal-tangal har ya nutse ranar 2 ga Maris da kimanin tan 21,000 na takin zamani. Na fara da wannan ne saboda masu cewa mene ne haɗin manomin Bunkure da rikicin teku, mu da babban ruwan da muka sani shi ne Tiga.

To akwai haɗi. Injin ban-ruwan da ke ƙugi a gonakin Kadawa da Kura, da maganin feshi, da sinadaran da ake haɗa takin NPK, akasarinsu ta ruwa suke shigowa. Da manyan kamfanonin dako suka ƙaurace wa mashigin Suez suka koma zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiya ta ƙaru da kwana goma ko fiye, jirage suka yi ƙaranci, kuɗin ɗauko kwantena ya tashi har a hanyoyin da ba su biyo ta Yaman ba. Kada wani ya fake da wannan fa: abin da ya fi karya manomi shi ne faɗuwar naira da cire tallafin mai a 2023. Na teku ƙari ne a kan wahala, amma ƙarin ma mu muka biya.

Yanzu ku duba yadda aka yaƙi abin. Amurka ta haɗa rundunar ƙawance a Disambar 2023, ita da Ingila suka fara ruwan bama-bamai a Yaman a Janairun 2024. Bayan an fara ruwan wutar ne aka nutsar da Rubymar, bayansa ne aka kashe ma'aikata uku a jirgin True Confidence. Masar ta ce ta yi asarar kusan dala biliyan 7 na kuɗin shigar Suez a shekarar. Trump ya dawo ya sake buɗe wuta daga Maris zuwa Mayun 2025, ƙarshe sai da Oman ta shiga tsakani aka tsagaita. Wata biyu bayan nan, a Yuli, suka sake nutsar da jirage biyu, Magic Seas da Eternity C. Duk lokacin da aka ɗan samu sauƙi a wannan teku, to an tsagaita wuta ne a Gaza ko an zauna an yi magana. Sojan da ya fi kowanne kayan aiki a duniya ke nan, kuma bom daga sama bai buɗe masa hanya ba.

Abin mamaki, inda aka ci nasara a nan gida ne, mu da aka saba yi wa dariya. A 2020, cikin ma'aikatan jiragen ruwa 135 da aka sace a duk duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su, kamar yadda hukumar IMB mai bin diddigin fashin teku ta ƙidaya. Na san wani zai ce ai waɗannan 'yan fashi ne, ba 'yan ta'adda ba. Haka ne, kuɗin fansa suke nema, kamar dai 'yan bindigar Zamfara da Katsina. Shi ya sa ma labarin ya shafe mu.

Me aka yi? Da farko doka: a 2019 aka sa hannu kan dokar hukunta fashin teku, aka daina kama mutum a rasa laifin da za a tuhume shi da shi. Sai kotu: mutum goma da suka ƙwace wani jirgin kamun kifi na 'yan Sin a 2020 an gurfanar da su a Legas, an ɗaure su a 2021, kowa ya gani. Sai kayan aiki: a Yunin 2021 Buhari ya ƙaddamar da shirin Deep Blue na dala miliyan 195 ƙarƙashin hukumar NIMASA, da manyan jirage biyu, da ƙananan jirage masu gudu 17, da jirage masu saukar ungulu uku, da cibiyar da ke sa ido dare da rana. An yi ta surutu a majalisa kan kwangilar, kuma surutun na da dalili, amma a Maris na 2022 aka cire Najeriya daga jerin wuraren da suka fi haɗarin fashin teku. Ba na cikin masu hana gwamnatin da ta wuce abin da ta yi daidai. Wannan ta yi.

Tambayata ita ce, me ya sa aka iya? An iya ne saboda masu jiragen suna da baki. Kamfanonin inshora na Landan sun ƙara kuɗi, masu dakon mai sun yi ƙorafi, jakadu sun yi ta zarya a Abuja. Kuka ya fito daga inda ake jin sa, sai ga kuɗi, sai ga doka, sai ga alƙali.

To mu juyo Arewa, domin mu ma muna da jiragen ruwa. A tafkin Chadi dubban masunta ne ke shiga da kwale-kwale, kuma da yawansu Hausawa ne 'yan ci-rani daga Kano da Jigawa da Sakkwato da Kebbi. Bandar da ake sayarwa a kasuwanninmu guminsu ce. Shekara da shekaru ISWAP na karɓar haraji a hannunsu kafin su jefa koma, wanda ya ƙi ko aka zarge shi da kai rahoto, shi ke nan. A Disambar 2018 'yan ta'addan sun mamaye Baga har da sansanin sojan ruwa. A Maris na 2020 da jiragen ruwa suka dira a Boma suka kashe sojojin Chadi kusan 100. A Janairun 2025 an kashe manoma da masunta kimanin 40 a Dumba, kusa da Baga. Sannan a Maris na 2025 Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta MNJTF, wato shingen da ke da ɓaraka aka ƙara cire masa itace. Sojojinmu na can suna mutuwa, Allah Ya jiƙan su, ba su nake zargi ba. Amma wa ya taɓa jin an ware wa masuncin Doron Baga cibiyar sa ido irin ta Legas? Shi ba shi da inshora, ba shi da jakada.

Kuma duk manomin shinkafa a Bunkure ya tuna da Zabarmari. Ranar 28 ga Nuwamban 2020 aka yi wa masu yankan shinkafa yankan rago a Koshebe, gawa 43 aka binne a rana ɗaya. Irin aikinmu suke yi, irin laujenmu ne a hannunsu. A shekarar da duniya ta tashi tsaye kan mutum 130 na teku ke nan, waɗanda akasarinsu sun koma gida da ransu.

Kada mu ce abin na nesa ne. Shanono da Tsanyawa sun ɗanɗana a 2025, dajin Falgore kuwa ga shi nan kudu da mu, bayan madatsar da ke shayar da gonakinmu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, an san abin da ake yi wa naka.

Don haka ga abin da nake so ɗan majalisarmu na Rano, Bunkure da Kibiya, da sanatan Kano ta Kudu, su tashi su tambaya a zauren majalisa, kowace jam'iyya suke. A 2021 gwamnati ta ce tana riƙe da ɗaruruwan mutanen da ake zargi da ɗaukar nauyin ta'addanci, za ta kai su kotu. Nawa aka yanke wa hukunci, su wane ne? Shari'o'in da ake yi a Kainji tun 2017, me ya sa talakan da aka kashe wa ɗa ba ya jin yadda aka ƙare? Kuma cikin kasafin tsaron bana, nawa aka rubuta da sunan tafkin Chadi, nawa aka saki, jirage masu gudu nawa ne ke sintiri tsakanin Baga da tsibiran a yau?