Sauya Ƙaramar Mota Da Mai Ƙaton Inji: A Yi Lissafi Kafin A Yi Ciniki

Tun zamanin da, abin hawa yana daga cikin ma'aunan daraja a ƙasar Hausa. A daular Kabi ta Muhammadu Kanta, kamar sauran dauloli, ingarman doki shi ne ke bambanta basarake da talaka. Sai dai magabata sun san cewa kuɗin sayen doki somin taɓi ne, domin bayansa akwai harawa da dawa da kanwa da ladan mai kula da shi. Wanda ba zai iya ciyar da ingarma ba yakan haƙura da jakinsa, kuma jakin ya kai shi kasuwa ya dawo da shi. A yau mota ta maye gurbin doki, amma lissafin bai canza ba.

A Birnin Kebbi da Argungu, akan sami ma'aikacin da ya shekara biyar ko shida yana hawan ƙaramar mota irin su Toyota Corolla ko Golf, sai wani ɗan rabo ya faɗo masa, ko bashin ƙungiyar adashe ya fito, zuciya ta fara raya masa cewa lokaci ya yi da zai sayi mota mai ƙaton inji, wadda rurinta kaɗai zai sa a waiwayo. Ra'ayin da wannan rubutu ya tsaya a kai shi ne, ga mai albashi a wannan yanki, irin wannan sauyi hasara ce, kuma akwai dalilai.

Da farko, ya kamata a san asalin waɗannan motoci. A Amurka aka haife su. A shekarar 1964 aka fito da Pontiac GTO da Ford Mustang, daga baya irin su Dodge Charger suka biyo. Dabarar ita ce a ɗora inji mai silinda takwas a kan matsakaicin jiki, domin mota ta zabura kamar kibiya. An ƙera su ne a lokacin da fetur ke da arha a can, ga tituna masu faɗi da santsi. Da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a shekarar 1973, farashin gangar ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu, sai kasuwar waɗannan motoci ta durƙushe, Amurkawa da yawa suka koma ga ƙananan motocin Japan. To, idan masu abin da kansu sun ja da baya da mai ya yi tsada, ina ga wanda ke ƙirga kwanakin albashi?

Abin da ya sami Amurka a 1973 ya sami Nijeriya bayan shekara hamsin. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da dama, a shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. A ɗauki misalin malamin da iyalinsa ke Birnin Kebbi, yana koyarwa a Argungu. Tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 50 ne, wato zuwa da dawowa kilomita 100. Idan ƙaramar motarsa tana shan lita 7 a wannan tafiya, mai silinda takwas za ta sha kusan ninki biyu. A kwana 20 na aiki, bambancin zai kai lita 140. Duk wanda ya auna wannan da farashin gidan mai zai ga cewa kuɗin da ya kamata ya tafi ga hatsi da makarantar yara ya bi ta salansa ya zama hayaƙi.

Dalili na biyu shi ne yanayin ƙasa. Kwarin Rima ƙasar fadama ce, ƙasar shinkafa da su. Da damina ta yi nisa, hanyoyin da suka ratse daga babban titi zuwa ƙauyuka sukan cika da laka da kwazazzabai, kuma mutanen yankin ba su manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonaki ta karya gadoji. Motar tsere kuwa gindinta a ƙasa yake, ko tudun rage gudu na cikin gari yakan kankare ta. Haka nan, gudun da ake sayen ta dominsa ba shi da wurin yi. Dokar hanya ta ƙayyade wa motar gida kilomita 50 a awa a cikin gari, da 80 a babbar hanya. Titin da shanu ke tsallakawa, ga amalanke, ga babura, ga yara masu talla, wanda ya taka motar da ke iya wuce kilomita 200 a awa a kansa ya sa ransa da na bayin Allah cikin haɗari.

Dalili na uku shi ne gyara. Abin da ya sa Peugeot ta daɗe tana mulkin titunan Arewa, bayan an fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, shi ne kowane makanike ya san cikinta, kuma kayan gyaranta suna nan ko'ina. Wannan gata ne ƙananan motocin Japan suka gada. Amma baƙuwar mota, idan ƙaramin abu ya lalace, sai an aika Kano ko Legas, wani lokaci ma ƙasar waje, ita kuwa tana zaune a gareji tana shan ƙura. Ranar da mai ita ya gaji ya kai ta ga dillalai, sai ya tarar masu tayawa kaɗan ne.

Duk da haka, ba a ce kowa ya dawwama a ƙaramar mota ba. Magidancin da iyalinsa suka yi yawa yana da hujjar neman mota mai yalwar kujeru. Manomin da ke ɗauko buhunan shinkafa daga fadama yana da hujjar sayen a-kori-kura mai tsayin ƙafa. Waɗannan buƙata ce ta kai su. Motar tsere kuwa ba ta ɗaukar iyali, ba ta ɗaukar kaya. Abin da take ɗauka kawai shi ne idon mutane. Attajirin da ya ajiye ta don nishaɗi, yana da wata ta zirga-zirga, wannan dukiyarsa ce. Amma mai mota ɗaya, wadda ita ce ta zuwa aiki, ita ce ta kai mara lafiya asibiti cikin dare, bai kamata ya yi caca da ita ba.

Masunta na Matan Fada sun san cewa iya ruwa fidda kai. Saboda haka, kafin ma'aikaci ya miƙa makullin ƙaramar motarsa, ya zauna da takarda da alƙalami, ya rubuta kuɗin mai na wata guda, da na gyara na shekara guda, ya cire daga albashinsa. Idan abin da ya rage zai riƙe gida ba tare da bashi ba, to ya yi shawara da iyalinsa. Idan kuwa ba zai riƙe ba, ya gyara wadda yake da ita, ya gode wa Allah, domin daidai ruwa daidai tsaki.