Tarar da Ake Biya Kashi-Kashi

Duk lokacin da aka ce gwamnatin Amurka ta ci tarar wani kamfani miliyoyin daloli saboda ya fitar da kayan da doka ta hana, sai in ji mutane a majalisa suna jinjina kai, wai can doka ba ta san babba ba. Ni ban yarda ba, kuma lissafin ne ya hana ni yarda.

Mu ɗauki Seagate, mai ƙera faifan ajiyar bayanan kwamfuta. A watan Agustan 2020 Amurka ta tsaurara dokar sayar wa kamfanin Huawei na ƙasar Sin kayan da aka ƙera da fasaharta, ko da a wata ƙasa aka ƙera su. Abokan gasar Seagate biyu suka janye hannu. Shi kuwa ya ga kasuwa ta zama tasa shi kaɗai, ya ci gaba da lodi har watan Satumban 2021. Faifai sama da miliyan 7.4 ya tura, na fiye da dala biliyan 1.1. A 2023 Ma'aikatar Kasuwanci ta ci shi tarar dala miliyan 300, aka yi ta shelar cewa sashen da ke kula da wannan doka bai taɓa cin tara mai girman haka shi kaɗai ba.

To, amma me dokar ta tanada? Dokar 2018 ta ba hukuma ikon cin tara har ninki biyu na kuɗin cinikin. Ninka biliyan 1.1 sau biyu, ka ajiye miliyan 300 a gefensa, ka duba da kanka. Ita ma miliyan 300 ɗin ba a ce ya zube ta nan take ba. Dala miliyan 15 zai riƙa bayarwa duk wata uku, tsawon shekara biyar, kamar mai zubin adashi.

Na san amsar masu kare wannan tsari. Za su ce tarar ta haura ninki biyu na ribar da aka ƙiyasta kamfanin ya samu, saboda haka ya yi asara. Gaskiya ne. Sai dai wa ya yi asarar? Masu hannun jari ne, waɗanda ba su ga takardar cinikin ba balle su sa hannu. Tarar sulhu ba ta kai kowa kurkuku, kuma faifan sun riga sun isa inda aka ce tsaron ƙasa ya hana su zuwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rangwamen. A 2024 Ma'aikatar Harkokin Waje ta daidaita da Boeing kan dala miliyan 51 bisa keta dokar fitar da bayanan makamai sau 199, ciki har da ma'aikatansa a Sin da suka sauke bayanan jiragen yaƙi. Aka jingine miliyan 24 bisa sharaɗin kamfanin ya kashe su wajen gyara tsarinsa na bin doka. A shekarar ce kuma aka ci RTX miliyan 200, aka jingine rabi da irin wannan sharaɗi. Wato an kama ka da laifi, sai a ce ka riƙe rabin tarar ka yi wa gidanka katanga, katangar da tun farko wajibinka ce. An ce su suka kai rahoton kansu, shi ya sa aka sassauta. Na ji, hakan ya cancanci sassauci. Ban dai ga inda ya cancanci rabi ba.

Yanzu ka tuna John Reece Roth, malamin Jami'ar Tennessee. Yana aikin bincike kan jirage marasa matuƙi na rundunar sojin sama, ya bar ɗalibansa biyu, ɗan Sin da ɗan Iran, suka ga bayanan da doka ta killace, ya kuma tafi Sin da wasu a kwamfutarsa. Ba na wanke shi, don an gargaɗe shi ya ƙi ji. A 2009 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara huɗu yana da shekara sama da 70. Ba wanda ya ce ya yi wata uku a ciki ya koma gida ya huta, ba kuma wanda ya jingine masa shekara biyu don ya je ya gyara ɗakin bincikensa.