Soyayyar Sikotland Adabi Ce, Ta Kano Kuma Shara?

Akwai wani fuska biyu da ya yi mana katutu mu ɗaliban Arewa, musamman mu da boko ya ɗan ratsa, kuma yau sai na faɗe shi ko da wasu za su daina gaishe ni a bakin laburare. Rubutun yana da tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai anjima, amma don Allah kada ya yanke min hukunci daga layin farko.

Kowa ya san irin littattafan nan na Turanci da suka cika wayoyin 'yan uwanmu a ɗakunan kwana. A bango za ka ga wani ƙato sanye da zanen gargajiyarsu mai layi-layi, ƙirji a waje, bayansa tsauni da hazo. A ciki kuma 'yan mata ne uku ko huɗu, uwa ɗaya uba ɗaya, 'ya'yan wani basarake, kowacce da littafinta. An ɗaura wa babbar auren dole da shugaban wata zuriya a tsaunukan Sikotland, ta tafi tana kuka, kafin babi na ashirin ta mutu a kan sonsa. Ta biyun ta gudu daga gida, ta ukun ta faɗa son abokin gabar ubanta. Wadda ke karanta wannan za ta ɗora hoton bangon a shafinta, mu kuma mu bi ta da "Ma sha Allah, ga mai son karatu." Amma ƙawarta da ke gado na kusa tana karanta labarin Hausa, ita sai ta kife waya idan an shigo, don kar a ce mata 'yar ƙauye. Ni ma ina zaune ne a Idu, kuma duk wanda ke jiran jirgin ƙasa na Kaduna a tashar nan ya ga abin da nake faɗa: mai littafin Turanci ta ɗaga shi sama kowa ya gani, mai na Hausa ta rage hasken waya.

To fisabilillahi, mene ne bambancin? Auren dole a can, auren dole a nan. Rigimar gado a can, rigimar gado a nan. Mai kuɗi ya so talaka dangi su tayar da ƙura, uwar miji ta hana ruwa gudu, a ƙarshe a shirya. Abin da Ado Ahmad Gidan Dabino ya gina In Da So Da Ƙauna a kansa tun 1991 ke nan: 'yar masu hali da ɗan talaka. Idan Baturiya ta rubuta, sunansa adabi. Idan 'yar Fagge ko 'yar Funtuwa ta rubuta, sunansa ɓata tarbiyya. Wannan ba hukuncin ilimi ba ne, raina kai ne kawai aka sa masa kwat.

Na san abin da za a fara jefo min: "Ai na Hausa akwai batsa." Gaskiya ne, tun da rubutu ya koma WhatsApp da Wattpad, akwai masu sayar da ƙazanta a gurup na kuɗi, kuma ba ni da kalma ɗaya ta kare su. Amma wanda ya taɓa buɗe ɗaya daga cikin littattafan tsaunukan nan ya san abin da ke cikinsu. Abin da marubuciyar Kano ta shekarun 1990 ba za ta iya ko kusantar sa ba, su suna kwashe shafi biyar suna zayyana shi. Bambancin kawai shi ne Baba ba ya jin Turanci, shi ya sa ake karanta su a tsakar gida hankali kwance. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Littattafan Mills & Boon kuwa, da kamfaninsu ke nan tun 1908, yayyenmu sun yi ta musayarsu a makarantun kwana shekara da shekaru. Idan tarbiyya ce damuwarmu, to mudu ɗaya za mu auna da shi.

Hujja ta biyu ita ce wadda ta fi ba ni dariya: "Ai muna koyon tarihi a ciki." Wane tarihin? Bari in ba ku kaɗan daga wanda ba a sa wa a bango. A watan Afrilun 1746 sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe mayaƙan tsaunukan a fagen Culloden. A shekarar aka kafa dokar da ta hana maza sanya wannan tufafin gargajiya da kuke gani a bango, ba a janye ta ba sai 1782. Bayan nan sai masu ƙasa, wato su sarakunan da kuke mafarkin aura, suka lissafa suka ga tumaki sun fi talakawa kawo riba. Aka dinga tashin ƙauyuka ɗungurungum. A yankin Sutherland, a 1814, an ƙona gidajen manoma a kwarin Strathnaver don a ba tumaki fili, kuma ƙasar ta wata mace ce mai sarauta. Dubban mutane suka ƙare a Kanada da Amurka. Wannan kwarin da babu kowa, mai kyau a hoto, da jarumar littafi ke sukuwa a cikinsa, kufai ne. An kori masu shi ne.

Wanda ya shafa wa wannan tarihi hoda shi ne Walter Scott, da littafinsa Waverley na 1814, kuma shi ya shirya bikin zuwan Sarki George na Huɗu birnin Edinburgh a 1822, inda tufafin da aka haramta jiya ya zama kayan ado na fada. Daga nan kasuwa ta buɗe har yau. Diana Gabaldon, mai Outlander na 1991, Ba'amurkiya ce, kuma ta fara rubuta shi ba ta taɓa taka Sikotland ba. Julia Quinn mai Bridgerton, wanda Netflix ta mayar fim a 2020, ita ma Ba'amurkiya ce. Ba laifi ba ne, ƙagaggen labari ai ƙagagge ne. Amma a daina ce mana tarihi ake karanta. Mafarki ake saya, kuma mafarkin wasu.

Yanzu ku juyo gida ku ga abin da muke rainawa. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, akwai Jiki Magayi, labarin saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa. Ke nan soyayya tana cikin tubalin ƙagaggen labarin Hausa tun ranar farko. A 1980 Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan cire yarinya daga makaranta, ta rubuta Alhaki Kwikwiyo Ne a kan magidancin da ya kori uwar 'ya'yansa saboda sabuwar amarya. A 2012 wani kamfani a Chennai ta Indiya ya buga fassararsa ta Turanci da Aliyu Kamal ya yi. Mutanen Indiya sun ga abin bugawa, mu muna ganin abin ɓoyewa. Anti Bilkisu Funtuwa ta cika littattafanta da mata masu karatu da aiki a lokacin da iyaye da yawa ke ganin sakandare ma ta yi wa mace yawa. Matan aure nawa ne suka riƙe karatun boko saboda waɗannan littattafai da ake haya a kasuwa? Ku tambayi iyayenku mata. Tun shekarun 1990 Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu suka yi ta fafatawa a jaridu kan darajar wannan adabi da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Manyan malamai sun ɗauke shi da muhimmancin da za su yi shekaru suna muhawara, amma ɗan aji biyu da bai gama littafi ɗaya ba yana taɓe baki.

Kada marubutanmu na yanzu su yi murna, don ban zo shafa musu mai ba. Abin da ke jan 'yan uwanmu zuwa tsaunukan Sikotland ba soyayyar kaɗai ba ce. Waɗancan marubutan suna ba ka wuri: sunan kwari, irin abinci, yadda ake ɗaura aure, wa ke gaba da wa kuma me ya haɗa su. Mu kuwa an cika mu da labaran "masarauta" da ba su da ƙasa ba su da zamani. Yarima yana da jirgin sama, gimbiya tana sayayya a Dubai, fada kamar otal, kuyangi kamar na fim ɗin Indiya. Ka karanta shafi ɗari ba ka ji sunan ƙofar gari ɗaya ba, ba ka san ko Galadima ya fi Madaki kusa da sarki ba. Wannan lalaci ne, ba rashin abin rubutawa ba.

Don abin rubutawa kam, a kansa muke tafiya. Sunan birnin nan da muke karatu a cikinsa ma labari ne. Lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa ya yo kudu har Zuba. Bayan rasuwarsa ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja bayan an ɗauki sunan an ba babban birnin tarayya. Ku yi tunani: gidan sarauta guda ya taso da mata da yara da dawaki, ya ratsa daji, ya sauka cikin duwatsun Gbagyi da Koro, a gindin dutsen Zuma. A wannan fadar akwai sarautun mata, Iya da Sarauniya. 'Yan mata uku 'yan uwan juna a cikin wannan ayari, ɗaya an bar saurayinta a Zariya cikin sababbin masu mulki, ɗaya za a ba da ita don a ƙulla amana da masu ƙasa. Wane Culloden ne ya fi wannan? Hassan Dallatun Abuja da Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin masarautar tun tuni, yana nan yana shan ƙura.

Ga Amina da Zariya, 'ya'yan Bakwa Turunku kamar yadda tarihin baka ya kawo, ga dutsen Kufena. Ga zamanin Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da jajis ɗinta na 'Yan Taru da ke zagaya ƙauyuka suna karantar da mata, ga 'yar uwarta Maryam da ta zauna a gidan Sarkin Kano Ibrahim Dabo. A fahimce ni da kyau: ban ce a ɗauki 'ya'yan Shehu a saka musu zancen soyayya a baki ba, wannan rashin ladabi ne. Abin da nake cewa a ƙago mutane a zaunar da su cikin zamanin. Wata ɗaliba cikin ayarin jaji, wata 'yar fatake a hanyar Gwanja, wata marainiya a Kurmi. Haka Scott ya yi, jaruminsa ƙagagge ne, yaƙin ne na gaske.

Sharaɗi ɗaya ne: kada mu yi wa tarihinmu irin hodar da aka yi wa nasu. Fadojinmu akwai bayi, akwai ƙwarƙwarori da ba a tambayi ra'ayinsu ba, akwai harin da ya raba uwa da ɗa. Abubakar Tafawa Ɓalewa bai ɓoye wannan ba a Shaihu Umar tun shekarun 1930, Baba ta Karo ma ba ta ɓoye ba a labarin rayuwarta da Mary Smith ta buga a 1954. Labarin soyayyar da kuyanga ke cikinsa don ta riƙe mafici kawai, ƙarya ce, ko da Hausa aka rubuta ko da Turanci.

Saboda haka ga roƙona. Masu karanta na Sikotland, ku ci gaba, ba wanda ya hana ku, amma ku daina kallon ta kusa da ku a wulaƙance, abu ɗaya kuke sha, kwano ne ya bambanta. 'Yan sashen Tarihi da na Hausa, kundayen da kuke rubutawa suna ƙarewa a kanta, ku nemi marubutan nan na intanet ku ba su kaya, su suna da masu karatu, ku kuna da ilimin. Masu rubutu kuma, musamman mata da ke shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016, kafin ki sake ƙirƙiro wani yarima mai jirgi, ki shiga mota ki je Suleja, ko Turunku, ko ki zauna da kakarki yini guda da abin naɗar murya. Tsofaffin nan tafiya suke yi, kuma kowacce da littafi goma a cikinta.

Idan ba mu rubuta ba, wata rana wani zai zo daga waje ya rubuta mana, ya sa wa Amina rigar da ba tata ba, mu kuma mu biya kuɗin data mu kalla muna tafi. Wanda ke da ja, ga fili nan a ƙasa, amma ya zo da sunan littafin Hausa ɗaya da ya karanta har ƙarshe. Allah Ya sa mu gane.