Yaranmu Sun San Baffan Spider-Man, Ba Su San Tanimun Ba: Laifin Wa?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin iyaye da malamai 'yan'uwana: wai finafinan jaruman Amurka sun kwashe hankalin yara, saboda haka a ƙwace waya, a hana zuwa gidan kallo, kowa ya huta. Ni malamin makaranta ne a nan Dakusa, kuma ban yarda da wannan magani ba. Yaron da zai zayyana maka labarin Spider-Man tiryan-tiryan, amma ka tambaye shi wane ne Tanimun ya tsaya yana sosa ƙeya, ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Wancan labarin an gina shi yadda zai zauna a zuciya, namu kuwa mun mayar da shi jerin shekaru da ake haddacewa don jarrabawa.

Mu dubi yadda aka gina nasu. A 1962 Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙiro Spider-Man a mujallar zane, a 2002 kuma Sam Raimi ya mayar da shi fim. Peter Parker maraya ne, ɗan makaranta da abokai ke rainawa, yana zaune hannun baffansa Ben da matarsa May. Gizo-gizo ya cije shi, ya wayi gari da ƙarfin da ba na mutane ba. Me ya fara yi da shi? Neman kuɗi da suna. Rannan ɓarawo ya sheƙo a guje ta gabansa, yana da ikon tare shi da hannu ɗaya, ya kauce ya ba shi hanya don a ganinsa ba ruwansa. Ba a jima ba wannan ɓarawon ya kashe baffan da ya rene shi.

Darasin yana nan. Cizon gizo-gizo ɗan lokaci kaɗan ya ci a fim ɗin. Abin da ya mayar da yaron jarumi shi ne zaɓin da ya yi da kansa, da abin da zaɓin ya ja masa. Marubucin ya fara nuna mana abin da yaron ya rasa, ya bar shi ya yi kuskure, sannan ya sa shi ɗaukar nauyin kuskuren har ƙarshen rayuwarsa. Kowane yaro ya taɓa ganin abin da ya kamata ya hana ya yi shiru, shi ya sa labarin ke kama shi.

To, mu fa? Je ka kalli wasan kwaikwayon da muke shirya wa ɗalibai a ƙarshen shekara. Jaruminmu tun daga tsumman goyo cikakke ne: ba ya tsoro, ba ya shakka, bai taɓa ɓata wa kowa ba. Ya shigo, a yi masa kirari, ya ci yaƙi, a tafa, a watse. Kirari yana da gurbinsa a ƙofar fada, kuma ina girmama masu yin sa. Amma mutumin da bai taɓa faɗuwa ba, yaro ba shi da abin da zai koya daga tashinsa.

Abin takaicin shi ne kayan aikin suna hannunmu. Ɗauki Bayajida. Kowa ya san ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Amma kafin nan fa? Baƙo ne da ya baro Bagadaza, ya sauka Borno, ya auri 'yar sarki, aka raba shi da mayaƙansa, ya gudu don tsira da ransa. A Garun Gabas ya bar matarsa da juna biyu ya ci gaba. A Gaya maƙera suka ƙera masa makami. Ya isa Daura da dare, ya roƙi tsohuwa Ayana ruwa, ta ce babu. Mutumin da ya tsaya bakin rijiyar nan ya riga ya rasa gida da runduna da iyali. Mai rubuta fim da ya san aikinsa, daga Garun Gabas zai fara, domin can ne ciwon yake. Mu kuwa kullum daga kan maciji muke farawa, a kansa muke ƙarewa.

Ko mu dawo gida Damagaram. Tanimun ɗan Sulaiman ya hau gadon sarauta a 1841, aka sauke shi a 1843, ɗan'uwansa Ibrahim ya koma. Sai a 1851 ya sake karɓar mulki, ya riƙe har 1884. A zamaninsa aka kewaye birni da ganuwa, aka riƙa ƙera igwa a cikin garin, fatake suka riƙa zirga-zirga har arewacin Sahara. A aji muna karanta wa yara waɗannan shekaru kamar lissafin bashi. Alhali tsakanin 1843 da 1851 akwai shekara takwas na mutumin da ya ɗanɗana mulki aka raba shi da shi, abokin hamayyarsa kuma jininsa ne. Me yake ji? Me ya koya game da dogaro da kai har ya dawo ya gina ganuwa? Wannan tambaya kaɗai ta isa fim guda. André Salifou, ɗan Damagaram, ya ga haka tuntuni, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun. Malamai nawa ne a cikinmu suka taɓa kai shi aji?

Kada wani ya ce mana abin sai Turawa. Abdoulaye Mamani ya fitar da littafin Sarraounia a 1980, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tare sojojin Faransa na Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Labarin ya tsaya ya nuna ƙuruciyarta da horon da ta samu hannun Dawa, mai renonta, kafin ya kai mu fagen fama. Don haka idan ta tsaya gaban bindiga, mai kallo ya san daga ina ƙarfin halin ya fito.

Na san abin da wasu za su ce: nuna raunin magabata rashin kunya ne, ga kuma jikokinsu da rai. Ina fahimtar wannan, kuma ban ce a ƙaga musu aibin da tarihi bai faɗa ba. Amma cewa an sauke sarki ya dawo, ko jarumi ya gudu kafin ya tsaya, ba zagi ba ne. Shi ne ma yake nuna girman abin da suka yi. Wanda ya ɓoye wahalar kakansa, ya rage masa daraja bai sani ba.

Malamai, ga abin da za mu iya yi ba tare da jiran kuɗin kowa ba. A raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki jarumi guda daga tarihinmu, ya rubuta shafi ɗaya tak a kan ranar da ta sauya rayuwarsa: abin da ya rasa, hanyoyi biyu da ke gabansa, wadda ya bi, da abin da ta ci masa. A rubuta da Hausa, a buga a filin makaranta. Iyaye kuma, kafin ku ƙwace wayar, ku tambayi yaron me ya sa yake son jarumin nan, sannan ku kai shi wurin kakarsa ta ba shi labarin wani da ya yi irin wannan zaɓi a garin nan. Kula da abin da yara ke kallo wajibi ne, amma hani kaɗai ba ya cika cikin mai yunwa. Idan muka ƙi dafa namu, gidan maƙwabta za su ci gaba da cin tuwo, mu kuma mu ci gaba da zagin maƙwabta.

Allah Ya sa mu gyara.