Kyautar Da Ke Mayar Da Ɗa Ƙofar Uwarsa

Godiya ta tabbata ga Allah Mai fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, sau da yawa manyan ɗalibaina na Islamiyya kan tambaye ni: Malam, me mutum zai ba mahaifiyarsa alhali aljihunsa babu nauyi? Amsata ita ce, a ba ta abin da ya fito daga ƙasa kuma ya bi ta hannun mai bayarwa. Ina ganin irin wannan kyauta ta fi turmin atamfar da ake aikawa da yaro a kan babur.

Mun san matsayin uwa. A hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito, sau uku aka ambaci uwa kafin a ambaci uba. Aya ta 14 a Suratu Luƙman ta tunatar da mu wahalar ciki da shayarwa. Don haka ba mu da buƙatar keɓe wa uwa yini ɗaya a shekara. Ko a Amurka, inda aka mayar da ranar uwa ta hukuma a 1914, Anna Jarvis da ta yi fafutukar kafa ta daga baya ta juya tana yaƙar yadda 'yan kasuwa suka mai da ita ranar cinikin kati da furanni. Abin da ta guje wa shi ne nake ganin yana shigo mana: kuɗi na zuwa gida, mai kuɗin ba ya zuwa.

Mu da muke zaune a Hubbare, maƙwabtan kabarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda ya rasu a 1817, bai kamata mu raina aikin hannu ba. Sananne ne cewa Shehu, duk da ilminsa da matsayinsa, yana tufka igiya da hannunsa. To, wane ne ni da zan ji kunyar taɓa taki saboda Inna?

Gidajen tsohon gari ba su da fili, amma zogale ba ya neman fili. Ka samo reshe mai kauri kamar tsawon kamu biyu, ka kafa shi a kusurwar tsakar gida a farkon damina, wajen watan Yuni. Ka sa masa takin awaki wanda ya daɗe ya ruɓe, domin ɗanye yana ƙona saiwa. Ka kewaye shi da ƙaya ko kara saboda dabbobi. Cikin 'yan watanni Inna za ta riƙa miƙa hannu ta tsinki na kwaɗo da na miya ba tare da ta aiki kowa kasuwa ba. In ma kusurwar babu, tsohuwar tukunyar ƙasa da ta tsage ta isa a dasa na'ana'a don shayinta, a ajiye ta inda rana ba ta dukanta da azahar.

Wanda ba ya iya dashe, ga wata hanya. Lokacin da kayan fadamar Rima suka yi araha, ya sayo kuɓewa ya yanka ya shanya. Ya busar da ganyen zogale a inuwa don kada korensa ya gudu. 'Yan mata su daka lalle su tankaɗe da kyau, su haɗa da soɓorodo da garin kuka, a jera a ƙwarya a rufe da faifai. Uwa ta san bambancin abin da aka tsince mata tsakuwarsa da abin da aka kwaso daga tire.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma shi ne zuciyar maganata. Kada kyautarka ta zame mata aiki. Kowa ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da yake haura digiri 40, kuma kowa ya san tsadar jarkar ruwa a wannan lokaci. Wanda ya dasa wa tsohuwa itace ya tafi abinsa, ya ɗora mata kaya ne. Ban-ruwan naka ne. Ka ajiye bokiti inda take alwala don ruwan ya taru, ka zo bayan la'asar ka zuba da hannunka. A nan za ka durƙusa ka gaishe ta, ka ga ko ta ci abinci, ka lura ko tarin nan ya ƙaru. Atamfa sau ɗaya ake kai ta, amma shuka kullum tana kiran mai ita.

Wani zai ce, ni tawa ta riga mu gidan gaskiya. Ƙofar ba ta rufe ba. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ba ya nan, sai ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko sadaka a madadinta za ta amfane ta. Da aka amsa masa da eh, sai ya ba da lambunsa mai suna Mikhraf sadaka dominta. Kai ma kana iya dasa dogonyaro ko mangwaro a ƙofar makarantar allo ko masallacin unguwa, da izinin masu wurin, ka raine shi har ya yi inuwa, da niyyar ladan ya isa gare ta.

Damina ba ta jiran kowa, haka ma kwanan iyaye. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda ke raye, Ya sa su gama da duniya suna masu yarda da mu. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.